Shirun Bene Na Tara

Fim ɗinmu ba shi da labari, dogayen gine-gine ne kawai da masu haɗa kiɗa da kwamfuta. Ni ne mai ɗaukar sauti. Da duhu ya fara, darakta ya tura ni wani benen da ba a gama ba, in naɗo shirun wurin don makaɗinmu ya ɗora kiɗa a kai. Ya ce in na sauko ba shi, in nemi wani aikin.

Duk lokacin da na kunna na'ura, sai wani ya hau kankarar bango. Raina ya ɓaci. Na haura bene na tara, na tarar da wani magini da cokalin gini a hannu.

"Malam, kurma ne kai? Aiki muke!"

Ginin ya maimaita: muke, muke.

Maginin bai juyo ba ya ce, "Mu muka zuba gumi a nan, kun zo kun mai da shi ganga. Wa kuka tambaya?"

Na ce, "Ka sauka ko in jefa ka ƙasa!"

Ƙasa, ƙasa, in ji ginin.

Maginin ya daka mini tsawa: "An riga ka! Tuni aka jefa ni!"

Na tsaya ina jiran ginin ya maimaita. Bai maimaita ba.