Kwalayen 'Yan Tsaki

Ƙarfe tara na safe wata mai ɗinki ta faɗo ofishin Sufeto, tana riƙe da rigar wani mai kai saƙo a babur. Maƙwabcinta mai kiwon kaji na biye da su, ya fi mai kayan ma kumfar baki.

"Ranka ya daɗe, keken surfani na saya ta intanet," ta ce. "Kamfani ya ce an kawo, ni ko kwalinsa ban gani ba. Ga wanda suka ba."

"A rufe shi kawai, zai yi bayani!" in ji mai kaji.

Sufeto mutum ne da ihu ba ya sa shi sauri. Ya sa Saje ya fita da su, ya bar mai babur, wani magidanci. Kamfani ya riga ya karɓe babur ɗin. In ba a wanke shi ba aikinsa ya tafi, ga 'ya'ya huɗu a gida.

"Ina ka kai kayan?"

"Gaban wani kantin magani, yallaɓai. Adireshin da ya fito a wayata ke nan. Wani ne ya karɓa, da hular kwano da takunkumi, kuma ya faɗi lambar karɓar kaya daidai."

"Me ka gani a jikinsa?"

"Ban da garin katako a takalminsa, ba komai."

Sufeto ya ji tausayinsa, amma aiki aiki ne. Aka ajiye shi a bayan kanta.

A shagon ɗinki Sufeto ya ture tarin yadi ya zauna, ya karɓi wayar matar. Ga saƙonni nan daga wata baƙuwar lamba mai ɗauke da tambarin kamfanin, wai za a tabbatar da oda, ta turo lambar sirrin da ta shigo mata.

"Kuma kika tura?"

"Na tura."

"Da ita aka shiga asusunki aka canza adireshi. Kamfanin kirki ba ya tambayar wannan lambar, Hajiya. Me ya sa kika yarda?"

"Yo sun san komai! Cikakken sunana, lambar gida, har zaren da na saya wancan watan da lambar odarsa."

Sufeto ya ɗaga kai. "Ina kwalin zaren?"

"Ai ba na ajiye kwali. Yaya nake ba, mai kaji, yana zuba 'yan tsaki. Shekara shida muna katanga ɗaya, ko makullin shagona ina bar masa."

"Da takardar da ke manne a jiki kike ba shi?"

Ta gyaɗa kai.

Ɗakin kajin yana bayan gida, ƙasa shimfiɗe da garin katako. Kwalaye bakwai ne jere a jikin bango, 'yan tsaki na ta tsiwa a ciki. Sufeto ya tsuguna yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne an yanke masa wani fili mai kusurwa huɗu da reza, tsaf.

"Wannan fa?"

"Tagar iska ce, yallaɓai. Kar su shaƙe."

"Kwalin da samansa ke buɗe ne ke neman taga?" Sufeto ya shafa gefen yankan, ragowar salatif ta manne masa a yatsa. "Kuma iskar nan taka ba ta shiga sai ta inda kamfani ya manna adireshi."

Mai kaji ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Saje, ɗauko littafin rigakafin kajin can."

Da aka girgiza littafin, takardun adireshi bakwai suka zubo, na mai ɗinki uku, sauran na wasu maƙwabta. Aka shiga ɗaga buhunan abincin kaji, ba a kai ga na biyar ba sai ga keken surfani, ko ledarsa ba a cire ba.

"Yaya?" in ji mai ɗinki, wadda ta biyo su. "Kai da na fara nuna wa hotonsa?"

Mai kaji ya sunkuyar da kai. "Kin ce ranar Talata zai iso. Sauran duk yana jikin kwali. Ni ban fasa ƙofar kowa ba, ke kika turo lambar."

"Ka ƙarasa a gaban alƙali," in ji Sufeto. Saje ya sa masa ankwa.

A ofis aka buɗe ƙofar bayan kanta, ɗaya ya fito, ɗaya ya shiga. Sufeto da kansa ya buga wa kamfani waya a mayar da babur. Mai ɗinki kuwa kunya ta hana ta ɗaga ido.

"Malam, ka yafe mini. Na ci mutuncinka a gaban jama'a."

Mai babur ya karkaɗe rigarsa, ya rungumo keken daga kan tebur ya dire a gabanta. Ya zaro takardar kai kaya daga aljihu, ya ari biron Sufeto ya miƙa mata.

"Na yafe, Hajiya. Sa hannu a nan, kayanki sun iso."