Surayya Da Masu Rigar Ruwan Ɗorawa

Ku yaran yanzu ba ku san so ba, surutu kuka sani. Ku wuni da waya manne a kunne kuna "in babu ke mutuwa zan yi", amma ranar da uwa ta ɗaure fuska ko yaya ta ja tsaki, shi ke nan kowa ya kama gabansa, har da zage-zage. To ku gyara zama ku ji yadda masu tarbiyya suke yi.

A gidan Malam Attahiru na Lolo aka wayi gari ana haɗa kaya. 'Yarsa Surayya, mai karanta Faransanci a jami'a, tana cikin ɗalibai shida da aka zaɓa su je wata jami'a a Kwatano su yi shekara guda, 'yan can kuma su zo nan. An riga an yi mata baiko da Zainulabideen, malamin gona a Kaoje, aka ce idan ta dawo a sa rana.

Mahaifiyarta sai cusa busasshen kifi da daddawa da kuka take yi a jaka.

"Haba Mama, kayan nan sun yi yawa! Can ma fa ana sayar da abinci."

"Awo, ana saidawa. Kin san wa yad dafa shi? Ɗauki ki rufe min baki."

Suna cikin haka Zainulabideen ya yi sallama a zaure, tare da yayarsa Bashira, mai fataucin atamfa da leshi tsakanin Kwatano da kasuwar Lolo. Bashira ta shigo da guɗa, ta rungume Surayya.

"Amaryarmu ta Faransa! Kai, Allah ya yanke mana wahala, yanzu muna da namu a Kwatano!"

Surayya ta yi murmushi, ba ta gane inda maganar ta dosa ba. A zaure kuwa Zainulabideen kasa haɗa ido da ita ya yi, sai wasa yake da makullin babur.

"Shekara guda fa, Surayya. Shinkafa biyu zan girbe kafin ki dawo."

"To ka ajiye min ta farin, Yaya Zainu, ita ta fi daɗi."

Malam Attahiru ya yi mata addu'a, ya ce, "Salla kan lokaci, karatu, kuma abin da ba ki san cikinsa ba kada ki ɗauka. Tashi ki tafi, Allah ya tsare."

Tare suka tsallaka iyaka da Dupe, 'yar ajinsu, Bayarabiya haifaffiyar Bagudo, wadda babanta ke da shagon magani kusa da tasha. Hausar bakinta ta fi ta wasu Hausawan. Daga Malanville, garin da ke tsallaken iyaka, suka shiga doguwar bas, suka wuni suna tafiya kudu.

Makon farko Surayya ta sha wuya. Layin rajista kwana biyu suka yi suna binsa. Ɗakin da aka ba su a hostel mutum huɗu ne, ga gumi ko ba ka motsa ba. Ranar lakcar farko malamin ya buɗe baki, Faransanci ya riƙa zuba kamar ruwan Agusta, har ya gama layi uku kacal ta rubuta. Ta koma ɗaki ta kifa kai a filo tana kuka.

"Dupe, ashe duk abin da muka karanta a gida wasan yara ne!"

"Ke dalla share hawaye! Ni fa 'bonjour' kawai na tsinta, kin ga na mutu? Taso mu dafa kifin Mama."

Ba ta zauna jiran sauƙi ba. Ta riƙa zuwa aji tun da wuri ta kama bencin gaba, ta roƙi wata 'yar ƙasar da ke ajinsu ta riƙa gyara mata baki, ita kuma tana koya mata Turanci. Ta gano masallacin ɗalibai, ta gano wata mai abinci 'yar arewacin ƙasar da suke gaisawa da harshen Dendi. Ta koyi hawa kabu-kabun garin, wanda suke kira zem. Kafin wata uku, da aka ce kowa ya fito ya yi bayanin garinsu, Surayya ta tsaya gaban aji ta kwashe labarin noman shinkafa a fadamar Kaoje da yadda ruwa ke cinye gona, ba ta duba takarda ba. Aji ya ɗauki tafi, Dupe har da hawa kan benci.

A makon ne Bashira ta zo sarin kaya, ta biyo ta hostel da ƙunshi niƙi-niƙi.

"Ƙanwata, hutu ya kusa. Ga atamfa turmi talatin nan, ki shimfiɗa su ƙarƙashin littattafanki. Jakar ɗaliba 'yan kwastam ba su cika zazzage ta a hanya ba, kina nuna katin makaranta kin wuce."

"Anti Bashira, ki yi haƙuri. Katin nan don karatu aka ba ni. In aka kama ni, ba ni kaɗai za a kora ba, har waɗanda za su zo bayana an rufe musu ƙofa."

"Lallai! Kowa a Lolo in ya tsallaka sai ya riƙo wa ɗan'uwansa kaya, sai ke 'yar boko? Tun ba ki shigo gidanmu ba?"

"Wallahi ba raini ba ne, Anti..."

"Ya isa! Za ki gani."

Bayan kwana goma, da la'asar, Zainulabideen ya kira. Muryarsa a daƙushe.

"Surayya, Inna ta ce a dakatar da maganarmu. Ta ce jibi za ta aika a karɓo kayan baiko."

Ta zauna a bakin gado. "Me na yi, Yaya Zainu?"

"Yaya Bashira ta kawo hotuna uku. Kwana uku daban-daban, ke a bayan babur, da namiji ɗaya mai riga ruwan ɗorawa. Ba a ga fuskarsa ba, daga baya aka ɗauka. Ta ce shi yake kai ki yana ɗauko ki, kowa a makarantar ya san saurayinki ne. Ta zaga gidaje da su, har nan Kaoje."

"Kai ma ka yarda?"

"Da na yarda da ban kira ki ba. Amma Inna ce, Surayya. Ba zan ɗaga mata murya ba, ba kuma zan rabu da ke ba. Kwana biyu ke nan ina durƙusa mata, abin da na samu kawai ta jira zuwa jibi."

Surayya ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Dupe ta karɓi wayar ta buɗe hotunan da ya turo, ta duba, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Dupe, aurena zai mutu kina dariya?"

"Ke duba mana! Ɗan zem ne! Wannan ai rigar aikinsu ce. Bari in kira matar nan in wanke ta tas!"

"Kul! Yayarsa ce. Zagi ba zai fito ta ɗakinmu ba."

Ta sake kiran Zainulabideen, ta ce gobe da hantsi ya zauna kusa da Inna, ya tabbatar yana da data, kuma Anti Bashira tana wurin.

Washegari ita da Dupe suka tsaya a babbar mahaɗar titi kusa da kasuwa, suka yi bidiyo kol. Ga mahaifiyarsa Inna Hamsatu nan zaune kan tabarma a tsakar gidanta na Kaoje, fuska a murtuke, Bashira a gefe tana taɓe baki. Surayya na ganin surukarta kunya ta kama ta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta rusuna a nan bakin titi ta gaishe ta. Bayan gaisuwar ko kalma ɗaya ta kasa ƙarawa.

Inna Hamsatu ta ce, "In ba ta da ta cewa, kashe abin ga."

Dupe ta fizge wayar. "Inna, ina kwana? Dupe ce, 'yar mai magani ta Bagudo. Ita kunyarki take ji, ni kuwa ba surukata ba ce ke. Don Allah ki buɗe ido da kyau."

Ta juya wayar ta fuskanci titi. Daidai lokacin danja ta ba da hannu, babura suka taso kamar an buɗe wa tumaki garke, sun fi ɗari biyu, kowane direba da riga ruwan ɗorawa. Wannan ya goyo tsohuwa da kwandon tumatir, wancan ya goyo mai ciki, wani ya goyo wani dattijo da buta a hannu.

"To Inna, a cikinsu wanne ne saurayin nata? Ki nuna min in kama shi!"

Inna Hamsatu ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashin. "La ilaha illallahu! Mi nike gani haka? Duk gida ɗaya suke?"

"'Yan kabu-kabu ne, Inna, rigar dole ce a garin nan. Kuma kowa da lambarsa a baya. Malam Zainu, duba hotunan naku."

Zainulabideen ya karɓi wayar Bashira ya buɗe hotunan, ya ƙara musu girma ɗaya bayan ɗaya. "Inna, ga shi nan. Lamba uku ce daban-daban. Mutum uku ne, ba ɗaya ba."

Tsohuwar ba ta taɓa wuce Lolo ba, amma ba sakarya ba ce. Ta juya a hankali ta dubi 'yarta.

"Bashira. Shekara nawa kina zuwa garin ga?"

"Inna, ni dai abin da na gani..."

"Nac ce shekara nawa?"

"Takwas."

"In kin je, bisa mi kike hawa zuwa kasuwa?"

Bashira ta sunkuyar da kai. Dupe ta ce daga cikin waya, "Inna, ki tambaye ta atamfa turmi talatin!" Surayya ta dafe mata baki, amma magana ta riga ta fita. Nan take Bashira ta faɗi komai tana sheshsheƙa.

Inna Hamsatu ta share ido da gefen zane. "Ɗiyata, buɗe fuskarki in gan ki. Ki yafe min. Ki tsaya ki yi karatunki, ba mai taɓa kayan baikonki ina raye."

Surayya ta sauke mayafi kaɗan, hawaye na zuba, ta ce, "Ba komai, Inna. Allah ya ƙara girma."

Zainulabideen ya kau da kai don kunyar uwarsa, amma bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Dupe kuwa rawa ta kama a bakin titi har 'yan zem suna danna mata oda.

Surayya ta gama shekararta ita ce ta ɗaya cikin baƙin ɗalibai, aka ba ta takardar yabo a gaban taro. Saboda ƙoƙarinta, jami'ar ta ce baɗi a turo mutum goma maimakon shida. Ranar da ta sauka a Lolo, Inna Hamsatu da kanta ta aiko da ƙwaryar fura da buhun sabuwar shinkafa, bayan sati biyu aka sa rana.

Kun dai gani. Ita ba ta zagi dangin miji ba, shi bai yi wa uwarsa tsawa ba, ba su kuma saki juna ba. Haƙuri da gaskiya suka riƙe, Allah bai kunyata su ba.

Bashira kuwa, uwarta ta sa ta a gaba. Gida goma sha bakwai ta shiga da hotunan nan, gida goma sha bakwai ta koma da ƙafarta, Inna Hamsatu na tsaye a kanta, tana cewa da bakinta, "Ƙarya na yi wa Surayya." Na ƙarshe shi ne gidan Malam Attahiru, inda ta durƙusa a zaure ya bar ta a durƙushe har ya gama lazimi. Matan da ke ba ta sautun kayan aure suka janye, suka ce mai iya yi wa ƙaninta haka ba ta da amanar da za a ba ta. Ranar kai lefe kuma, ita da ya kamata ta shige gaba a matsayin babbar yayar ango, ƙanwar babansu aka ba jagoranci. Motoci suka tashi zuwa Lolo ana guɗa, aka bar Bashira a Kaoje tana wanke tukwanen da aka yi girkin 'yan rakiya.