Gahawar Da Ta Kusa Hucewa

"Gahawa na hucewa, Maysun. Amsarki nake jira."

A madafa Baba ya tsare ta, muryarsa ƙasa-ƙasa. Can falo kawun Nidal ya dire kofinsa bai kurɓa ba, kuma ba zai kurɓa ba sai an ce an ba ɗansu mata. In suka tashi suka bar shi a cike, maganar aure ta mutu ke nan.

"Lujain ta rantse ta sha ganin ki kina shiga gidansu. Me ya kai ki gidan saurayi?"

Lujain, 'yar baffanta, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Nidal.

Maysun ta jingina da bango. Wallahi ta gaji. Tun safe ofishin jin daɗin jama'a ke aika ta lungunan garin Zarƙa, daga gidan da jinya ta cinye zuwa gidan da ba a ɗora tukunya ba.

"Aiki ne, Baba."

"Wa ke neman taimako a gidan?"

"Ba na faɗin sunan wanda na taimaka... ko kai ne ka tambaya."

"Ko za ki rasa shi?"

Ta runtse ido. Nidal ɗinta, sanyin idonta...

"Ko zan rasa shi," ta ce, hawaye na zuba.

"Wurina take zuwa, Abu Ghaith."

Umm Nidal ce, mahaifiyar Nidal, ta kira Baba da alkunyarsa. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta baro ɗakin mata.

"Ɗana na can garin Aƙaba yana fafutukar aiki, kullum ina ce masa lafiya lau muke. 'Yarka ke ɓoyo min shinkafa da maganin ciwon sukari a jakarta. Ni na haɗa ta da Allah kada ya ji. Je ka faɗa wa maza, na gaji."

"Inna, don me..."

"Yi shiru, 'yata. Kin rufa min asiri, sai in bari a tona naki?"

Baba ya sunkuyar da kai, ya fita zuwa falo. Suka kasa kunne.

"Ku sha gahawarku," suka ji ya ce. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Bayan an watse Nidal, wanda ya zo daga Aƙaba don neman auren, ya same ta a tsakar gida.

"Rabin raina, me ya sa ki kuka?"

"Gajiya ce kawai," ta ce, ta riƙo hannun mahaifiyarsa.

Har yau bai sani ba.