Fayil Ɗin da Gara Ta Ci

Wata shida ina rubuta wa shugabanni cewa gara na cinye tsofaffin takardun jami'a, ko kallo ban ishe su ba. Rannan ina ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ina kakkaɓe fayiloli ina tsaki, sai ga wani dattijo tsaye a kaikaice, alhali ƙofa a kulle take.

"Shekara talatin na koyar a nan. Sakayyata ke nan?" Muryarsa kamar ana yaga takarda.

"Baba, je ka yi wa na sama faɗa! Ni ma na gaji!"

Ya nuna fayil ɗin hannuna. Na buɗe. Hotonsa ne, gara ta cinye rabin fuskar.

Na ɗago kai. Ya juyo mini da ɗaya ɓarin, jar ƙasa na zubowa.