Tsamiyar da Sharfaddeen Ya Kewaye

Shekarar da aka sami mulkin kai Sharfaddeen ya dawo Rano daga Kaduna, fensir a bayan kunne, yana tafe yana hura hanci. Zanen gini ya koyo, shi kuma aka ba wa zanen zauren cin abinci na sabuwar kwalejin da za a gina a hanyar Rurum. A filin akwai wata tsohuwar tsamiya wadda ko makiyaya ba sa zama a inuwarta. Magina suka ce a kauce mata. Ya yi dariya, ya ce ai ado ce. Ya zana zaure ya kewaye ta ta kowane ɓangare, tsakiya ba rufi, tagogi duka suna kallonta, wai ɗalibai ɗari uku su ci tuwo suna sha'awar ganye. Injiniya Bature ya sa hannu. Tun daga ranar ko matarsa Barira ba ta isa ta taɓa takardar ba.

Ranar da aka ja igiyar harsashi, da magariba, Barira tana kwashe tuwo, sai wani abu ya faɗo cikin tukunya. Ɗanyar tsamiya ce. Gidan kuwa ko tsironta babu. Wata ta faɗo, wata ta biyo, a hankali, mai jifan ba ya gaggawa. Kaji suka yi tsit. 'Yarsu Ummukulsum, mai shekara goma sha biyu, ta ajiye tsintsiya ta shige ɗaki. Kwana shida tana zagaye tana laluben bango, ba ci ba magana, ga ƙofa a buɗe amma ba ta ganinta.

Maigida ya ce zazzaɓi ne. Mai ilimi ke nan! Sai da Barira ta yafa mayafi za ta tafi garin Fammar da ƙafa neman malami, sannan ya yarda aka ɗauko Malam Ramalan, tsohon da ya saba da mutanen ɓoye.

Malam ya zauna bayan la'asar yana karatu har rana ta yi ja. Yarinyar ta daina lalube, ta juyo. Muryar da ta fito ta wani tsoho ce, mai cike da raini.

“Ina mai fensirin?”

“Ga shi nan,” in ji Malam. “Me ya yi maka?”

“Tun kafin kakansa nake kan tsamiyar nan. Da sare ta ya yi, da na ce jahilci ne, na ƙaura. Sai ya rufe ni kamar ragon layya, baki ɗari uku su riƙa yi min bisimilla sau uku a yini. Ko mai ginin akurki yana barin ƙofa.”

“To me zai fitar da kai?”

“Hanya ta gabas, taku uku, ba ƙyaure. A ba ni takardar in gyara. In ba haka ba, jikin yarinyar nan ma da ɗumi.”

Malam ya ce, “Sharfaddeen, ɗauko takardar.”

Bai motsa ba. Can ya ce, “Malam, Bature fa ya riga ya sa hannu.”

Abin kunya ne, amma haka aka yi. 'Yarsa na gabansa, ƙasusuwan wuyanta a waje, shi yana tausayin takarda. Barira ce ta tashi ta ɗauko, ta zare fensirin daga kunnensa ko kallonsa ba ta yi ba. Hannun yarinyar ya ja layi biyu a bangon gabas na zanen, miƙaƙƙu, ba rula. Ta yi atishawa sau uku, ta zube, ta nemi ruwa.

Da Bature ya ga gyaran, nan kaɗai ya yaba, ya ce iska za ta ratsa zauren. Sharfaddeen ya gyara hula ya ce dabararsa ce.

Bayan sati, ya sami Ummukulsum tana tsince wake, ya tambaye ta ko tana tuna wani abu.

“Ba komai, Baba,” ta ce, kanta a sunkuye. “Sai dai na ji Malam ya ce ka ɗauko takarda. Na kuma ji ba ka tashi ba.”