Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

"Sake faɗa, ban ji ba."

Yael ba ta ɗago daga kwamfuta ba. Hannunta na kan linzami.

Nwabueze ya share gumi, duk da sanyin safiyar Jos.

"Daƙiƙa goma sha ɗaya ne kawai, masoyiyata... inda Ana ta rugo ta haye jikina. Ki cire na ɗan lokaci."

Bidiyon bikin buɗe shagonsa na kayan sola ne a Bukuru. Ita ta ɗauka, ita kuma take haɗawa a ɗan shagonta na Tudun Wada. Ga Ana nan a allon, 'yarta mai shekara huɗu, ta faɗa hannunsa tana ihu, "Mama, kalli! Onkul ya ɗaga ni!"

"Ran Asabar Mama za ta dawo daga Gabas," ya ci gaba. "Wata biyar tana wurin jegon yayata. Ta san da ke, amma..."

"Amma ba ta san da Ana ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Shekara guda, Nwabueze! Shekara guda yarinyar nan tana barci a kafaɗarka, ba ka taɓa buɗe baki ka faɗa wa mahaifiyarka sunanta ba?"

Ƙanwarsa Ifesinachi, da ke jingine da ƙofa tana taunar cingam, ta saka baki.

"Haba Sista Yael, ba aikinki ba ne? Kullum kina cire masu tari da masu gilmawa gaban kyamara. Ki yanke, ki sa abin nan da hoto ke dushewa a hankali ya shiga na gaba. Wa zai gane?"

Yael ta dube ta sama da ƙasa. Ta daɗe da sanin cewa Ifesinachi na da wata ƙawa, Uju, da take yi wa tanadin gidan yayanta.

"Ku dawo gobe," ta ce.

Bayan fitarsu ta jima tana kallon fuskar Ana. Tun yarinyar na ciki ubanta ya kama gabansa. Da wannan kwamfutar ta raine ta, da goyo a baya ta koyi aikin, har yau ana zuwa daga Naraguta a bi layi a ƙofarta. Ba ta taɓa ɓoye 'yarta ga kowa ba, ko a coci ko a kasuwa.

Ta sa alama a farkon wurin, ta sa a ƙarshe, ta yanke.

Ta jawo dushewar za ta ɗora a kan mahaɗar hotunan biyu, kamar yadda hannunta ya saba... sai ta tsaya.

Dushewa ana sa ta ne don kada idon mai kallo ya yi tuntuɓe. A kan kuskure take sa ta, inda kyamara ta girgiza ko wani ya yi atishawa.

'Yarta ba atishawa ba ce.

Ta bar mahaɗar tsirara.

Washegari ta miƙa wa Nwabueze filashin da ta sa bidiyon a ciki ba tare da ta kalli idonsa ba.

"Na yanke. Kada ka ƙara kirana."

"Yael, zuciyata..."

"Ka ji ni!"

Kwana uku wayarta na haske da sunansa, ba ta ɗauka ba. Ta yi kuka, gaskiya ne, amma a banɗaki, inda Ana ba za ta gani ba.

Ran Litinin da azahar, Ana na ƙarƙashin tebur tana zane, keke ya tsaya a ƙofar shagon. Wata dattijuwa gajera mai tabarau ta sauko, jakar ɗinki a hammata, Nwabueze na biye da ita kamar wanda aka kamo.

"Ke ce Yael?"

"Ni ce, Mama. Sannu da zuwa."

"Sunana Gertrude. Shekara talatin ina ɗinki a kasuwar Taminus. Idan aka yanke yadi ba a ɗinke bakin ba, daga nesa nake ganewa." Ta zauna ba a ba ta kujera ba. "Muna kallo jiya, ɗana ya durƙusa ya buɗe hannu. Sai fat! Ga shi tsaye, hannu wayam, ga sawun ɗan takalmi a farar rigarsa. Sau uku na ce a mayar baya. Na ce, me aka cire a nan?"

Yael ba ta sauke ido ba.

"Sai Ifesinachi ta zaro waya, ashe ita ma ta ɗauka ranar. Uju na gefenta tana murmushi. Wai, Mama kin gani, tana da 'ya ta ɓoye miki!" Dattijuwar ta ja tsaki. "Chineke, ya Ubangiji! Ni za a yi wa wayo? Mai son ɓoyewa za ta bar rami haka a tsakiyar aikinta?"

"Ni na sa ta," in ji Nwabueze. "Na faɗa a gabansu, zan kuma faɗa a gabanki. Tsoro na ji, Yael. Na ce wa Mama in ba ke da Ana ba, to ba kowa."

"Da baki ka faɗa," Yael ta ce.

Ta miƙe daga kujerarta, ta nuna masa.

"Zauna."

Ya zauna a gaban kwamfutar.

"Abin da aka yanke bai tafi ko'ina ba, yana nan naɗe a bakin mahaɗar. Kai ka ce a cire, kai za ka mayar. Kama gefen nan, ka ja dama."

Ya ja da ƙarfi, hoton ya zabura ya wuce.

"A hankali, Oga! Ba batir kake ja ba."

Ya sake, sannu sannu. Farar riga ta fara leƙowa, sai ƙananan ƙafafu a guje, sai shi kansa yana dariyar da Yael ba ta taɓa ganin ya yi wa kowa irinta ba.

"Mama, kalli! Onkul ya ɗaga ni!"

Jin muryarta, Ana ta fito daga ƙarƙashin tebur.

"Ni ce! Onkul, me ya sa kake kuka?"

Ya ɗauke ta ya rungume.

Mama Gertrude ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Zan gaya miki gaskiya, 'yata. Da a waya ya faɗa mini, da na ce a'a. Ko yanzu ma dangin ubansa za su yi surutu. Amma ni na ga fuskar ɗana a hoton nan."

"Ba zan shiga gidan da 'yata za ta riƙa raɓe-raɓe ba, Mama. Inda na zauna, nan za ta zauna."

"Wa ya ce ta zauna wani wuri?" Ta buɗe jaka ta zaro tef ɗin awo. "Ke, ƙaramar madam, zo nan. Buɗe hannu. 'Yar rakiyar amarya ba za ta sa rigar kanti a bikin ɗana ba."

Ana ta buɗe hannuwa tana ƙyalƙyala dariya.

Yael ta harɗe hannu a ƙirji, tana danne murmushi.

"Ni fa ban ce na yafe masa ba tukuna."

Nwabueze ya zube gwiwa biyu a kan siminti.

"Masoyiyata, don Allah..."

"Bar shi ya daɗe a nan, ya yi masa kyau," in ji dattijuwar, tef a wuyanta, tana rubuta awon kafaɗa a tafin hannu. "Amma ki yi sauri, yaran nan girma suke yi. Ba zan auna sau biyu ba."