Magariba Ta Same Ki a Kurfi

Motar kwalejin guda ɗaya ce tak, kuma a kanta Mas'uda ta fara haɗuwa da Mutawakkil. Wata Asabar da safe a Dutsin-Ma, ofishin wasanni ya yi kuskure ya ba 'yan matan ƙwallon kwando motar, ya kuma ba samarin ƙwallon ƙafa. Mas'uda, kyaftin ɗin 'yan matan, ta riga kowa shiga, ta hakimce a gidan gaba da ƙwallonta a cinya.

Mutawakkil, kyaftin ɗin samarin, ya leƙo ta taga. "Malama, ku yi haƙuri ku sauko. Mu fa mutum dubu ke jiran wasanmu."

"Mu kuma iyayenmu ke jiran dawowarmu," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya, ya ce wa yaransa su cunkusa a baya, a fara sauke mata a Malumfashi. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Sarauniyar kwando, na ji kun ci da maki goma sha biyu. Mu an zura mana biyu. Ina ga sa'ar motar duk a gidan gaba take."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta rubuta: "Ɗan tamaula, ba sa'a ba ce, atisaye ne. Allah ya ba ku haƙuri."

Daga nan shi ke nan. Filin kwando ba ya tara jama'a, ɗan siminti ne a bayan ɗakin karatu, amma kullum la'asar sai ka ga Mutawakkil a gefe da jakar fiya wata, yana kallon yadda take tashi sama da hijabinta ta jefa ƙwallo ko ƙarfen kwandon ba ya taɓawa. Ita kuwa sonsa ya kama ta sosai, ba don iya tamaula ba, sai don yadda yake sauraron magana har ƙarshenta.

Abin da ba ta taɓa faɗa masa ba, don jin nauyi, shi ne sharaɗin mahaifinta. Alhaji Sa'idu ɗan kasuwar hatsi ne a Kurfi, kuma ranar da ya yarda ta yi wasa cewa ya yi, "Ki yi ƙwallonki, amma magariba ta same ki a Kurfi. Ba kwana a wani gari." Yawancin 'yan ƙungiyar tata ma da irin wannan sharaɗi suke wasa.

Da Kawu Badaruddeen, kawun Mutawakkil, ya je nema masa izinin zance, Alhaji bai ɓoye ba. "Yaron da ke bin ƙwallo da gajeren wando? Yau shina nan, gobe a ce ya tafi Legas gwaji. Ban ba ɗiyata mai ƙafa a hanya."

Inno, mahaifiyarta, ta ce a hankali, "Alhaji, ita ma ai ƙwallon take yi."

"Ita ai tana dawowa," ya ce, ya kashe maganar.

Ana cikin haka sai ga takarda daga babban rukunin wasannin kwalejoji, ana gayyatar kwalejinsu ta bar ƙaramin rukuninta na garuruwan kusa ta koma wurin manya, su Kaduna da Jos da Minna. Dokarsu ita ce kwaleji ta shigo da duk wasanninta ko ta zauna inda take. Samarin tamaula suka haukace da murna, don can ne masu farautar 'yan wasa ke zuwa. Mas'uda kuwa gabanta ya faɗi. Jos ba a zuwa a dawo a ranar. In aka koma, ƙungiyarta ta mutu.

Kwamitin wasanni mutum bakwai ne, kuma Mutawakkil ne wakilin ɗalibai a ciki.

Sabitu, mataimakinsa, wanda ya daɗe yana yi wa Mas'uda kallon ƙasa-ƙasa, shi ya tare ta da takardar goyon bayan komawa. "Duba sunan da ke sama," ya ce. "Ke kike ta shi, shi ƙafarsa yake yi wa tanadi."

Sa hannun Mutawakkil ne kuwa, ba ƙarya. A mota kan hanyar Kurfi ta rubuta, hawaye na ɗiga kan wayar:

"Na ga sunanka a farkon takarda. Baba ya ce kai mai tafiya ne, na yi masa musu a raina. Mu ba a barinmu kwana a wani gari. Ka kashe mu, Allah ya ba ka sa'a."

Amsa ta zo nan take: "Wallahi, Sarauniya, ban sani ba. Da ma abin da kike nufi ke nan ranar mota? Ki ba ni kwana uku."

Ta jefa wayar cikin jaka.

Rana ta uku, ta sauko daga mota bayan la'asar sai ta ga mashin ɗinsa a ƙofar gidansu, ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. Ta laɓe a zaure. Mutawakkil na durƙushe gaban Alhaji da littafi a hannu.

"Alhaji, ba maganar da aka hana ni ta kawo ni ba," yake cewa. "Gobe za mu jefa ƙuri'a. Na je Karofi da Makera da Tamawa, na ji bakin iyayen sauran 'yan wasan. Saura kai. In an koma babban rukuni, za ka bar ta ta riƙa kwana a hanya?"

"Ban bari."

"To, da kai an zama takwas cikin goma sha ɗaya. Na gode, Alhaji."

"Tsaya, yaro. Kai mi za ka samu in an koma?"

Mutawakkil ya sunkuyar da kai. "Abin da nake mafarki tun ina ƙarami, Alhaji."

Alhaji ya gyara zama. "Shekara biyu ɗiyata na yi wa makarantar nan wasa. Kai ne na farko da ya tako ya tambaye ni."

Washegari ƙuri'a ta tsaya uku da uku, aka juyo ana kallon wakilin ɗalibai. Ya miƙe ya karanta sunayen 'yan matan takwas ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi ya sa hannu cikin jahilci, yanzu ya janye, yana bayan masu cewa a zauna. Kwaleji ta zauna a ƙaramin rukuninta.

Samari ba su yafe masa ba. Kafin la'asar sun karɓe ƙyallen kyaftin sun ɗaura wa Sabitu, wasu ko sallamarsa suka daina amsawa. Mas'uda ta same shi a gefen filin kwando, shi kaɗai, da jakar fiya watansa kamar kullum.

"Ɗan tamaula," ta ce, "ka yafe mini."

"Ni ne ban saurara da kyau ba, Sarauniya. Tun ranar farko kika faɗa mini."

"Mafarkinka fa?"

"Zafi akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Amma mai nema na tare da samu."

Ba a rufe mako biyu ba Alhaji Sa'idu da kansa ya aika a kira Kawu Badaruddeen. Aka ɗaura aure bayan sun gama jarrabawar ƙarshe. Ranar kai amarya, motar kwalejin nan ce ta zo Kurfi, cike da 'yan matan kwando suna guɗa, a baya kuma ga rabin samarin tamaula a cunkushe, sun huce sun zo da kansu.

Mas'uda ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Rana ta yi ja, ladan na gyaran murya.

Alhaji ya ɗora hannu a kanta. "Na ce magariba ta same ki a Kurfi, ba ki taɓa saɓa mani ba. Shi ma ya riƙe mani maganar, alhali na kore shi. Yau na janye sharaɗina. Tashi ki tafi, Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Aka sa ta a gidan gaba. A karon farko, magariba ta same ta a hanyar Dutsin-Ma.